Me ya haɗa ɗalibin Cadakori da zaɓen Amurka?

Ranar 13 ga Disamba 2020 aka yi zaɓen kansiloli na ƙarshe a Cadakori, kamar sauran ƙananan hukumomin Nijar. Yaron da yake da shekara 13 a ranar, wanda ya tsaya bakin lakwal yana kallon manya a layi, yau ya kai 18. Ya isa jefa ƙuri'a, amma babu akwatin da zai jefa ta. An dakatar da kundin tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, sannan aka soke jam'iyyu a Maris 2025, watan da aka rantsar da Janar Abdurahaman Tiani bisa wa'adin shekara biyar wanda zai iya canzawa gwargwadon halin da ƙasa take ciki. In an tsaya a kan shekara biyar ɗin cif, wannan yaro zai doshi 23 kafin ya dangwala yatsa a tawada, wataƙila da mata har da ɗa. Ƙannensa da ke ajin farko yanzu kuwa ko kamannin akwatin ba su sani ba.

Ban kawo wannan lissafi don in yanke wa kowa hukunci ba. Akwai waɗanda suka yi murna da abin da ya faru, akwai waɗanda suka yi baƙin ciki, kuma dukansu sahu ɗaya muke tsayawa da su a masallaci. Damuwata ta mai riƙe alli ce. Ko ba daɗe ko ba jima za a dawo da akwati, domin su kansu masu mulkin yanzu wa'adi suka ɗiba, ba su ce har abada ba. Ranar da aka dawo da shi, yaran da ke gabanmu a aji su ne za su cika layi. Idan abin da kawai suka riƙe game da zaɓe shi ne ranar da aka kawo wa uwarsu atamfa da sabulu, aka danƙa wa ubansu jaka biyu, to a kan haka za su ɗora, kuma ba laifinsu ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaran nan fa ba su rasa labarin zaɓe ba, sai dai ba namu ba ne. Waya ta shiga kowane ƙauye. A 2024 duk mai ɗan abin buɗe intanet ya ga Trump da jini a kunne, ya ga Kamala Harris, ya ji ana musu a teburin mai shayi kan wanda zai ci. Ɗan kwaleji zai iya gaya maka sunan matar Trump, amma ka tambaye shi wa yake zaɓen magajin gari a dokar da muka yi aiki da ita shekara ashirin, daga 2004 zuwa 2024, sai ya sosa ƙeya. Amurkar ma fuskoki ya sani. A tunaninsa shugaban Amurka wani babban sarki ne wanda in ya yi tari duniya ta amsa, kuma zaɓe wata kokawa ce da ake naɗa wa gwani takobi a watse.

Shawarata ga malamai da iyaye ita ce mu kama wannan sha'awa tasu mu yi aiki da ita. Mu koya musu ƙashin bayan gwamnatin Amurka, kuma duk abin da muka faɗa a kanta mu ajiye namu kusa da shi, su kalli biyun.

Na san abin da wasu za su ce: ƙasar da muka soke yarjejeniyar soja da ita a Maris 2024, wadda sojojinta suka kwashe kayansu daga Agadas a wannan shekarar, ita ce za mu kawo cikin aji? Ai sanin yadda gidan mutum yake ba mubaya'a ba ce. Kuma ko mun so ko mun ƙi, abin da ake jefawa a akwatin can yana faɗowa a nan. Shirin Hamzari da ƙungiyar CARE ta fara a 2018 a Cadakori da Gidan Sori da Gidan Rumji, kuɗinsa daga hukumar USAID ya fito. Wannan hukuma da aka kafa tun 1961, gwamnatin da Amurkawa suka zaɓa a Nuwamba 2024 ta rufe ta cikin ƴan watanni. Dattawan da suka saba kunna Muryar Amurka tun 1979 suka wayi gari a Maris 2025 suka ji shiru. Yaro yana da haƙƙin ya san abin da ya sa rediyon kakansa ta daina magana. Amsar kuwa darasi ce sukutum: majalisa ce ta ware kuɗin gidan rediyon, shugaban ƙasa ya sa hannu a takardar da ta tsayar da aikinsa, ma'aikata suka kai ƙara, wani alƙali a Washinton ya ce a mayar da aiki, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, aka yi ta ja-in-ja. Rassa uku na gwamnati ke nan a labari ɗaya.

Ba ma sai an haye teku ba. Ƴan'uwanmu Gobirawa na Sabon Birni da Isa, waɗanda muke aure da kasuwa da zaman makoki tare, a ƙarƙashin tsarin da aka kwafo daga Amurka suke tun 1979, in ban da shekarun mulkin soja: shugaban ƙasa mai cikakken iko, majalisar dattawa da ta wakilai, gwamnoni zaɓaɓɓu. Mu kuwa hanyar Faransa muka bi, da shugaban ƙasa da firaminista, da gwamna da farfe waɗanda ake naɗowa daga Yamai. Wanda ya gane tsarin Amurka ya gane rabin labaran Najeriya da yake ji kullum.

Akwai kuma wani dalili da duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara sittin zai gane. Ka ce za ka yi misali da Tarayya da Lumana da Nasara, kafin ka rufe baki kowane yaro ya ɗauko jam'iyyar ubansa, gobe kuma ka ga uban da kansa a ofishin darakta. Amma babu wanda zai zo maka da sanda saboda Dimokurat ko Rifablikan. Nisan Amurka shi ne amfaninta: allo ne da za ka yi rubutu a kai ba tare da ka taka sawun kowa ba. Yara ma dariya suke yi in suka ji alamar jam'iyyun biyu jaki ne da giwa, sai ka samu ƙofar gaya musu cewa a zamanin kakanninsu ma an yi giwar RDA da raƙumin Sawaba.

To me za a koya? A fara da haraji, domin da shi rigimar ta fara. Mutanen da suka kafa Amurka talakawan sarkin Ingila ne. Majalisar Landan tana ɗora musu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta, har a 1773 wasu suka zubar da ganyen shayin da aka ɗora wa kuɗi a teku, a tashar jiragen ruwa ta Boston. Ranar 4 ga Yuli 1776 suka ayyana ƴancin kai, a 1787 suka zauna a Filadelfiya suka rubuta kundin da har yau da shi suke aiki, an yi masa gyara sau 27. Babban abin da suke tsoro shi ne su kori sarki ɗaya su wayi gari da wani. Saboda haka suka raba iko gida uku: masu yin doka, mai zartar da ita, da masu yanke hukunci a kanta, kuma suka ba kowane gida igiyar da zai iya ja wa ɗan'uwansa. Ba su gina tsarin a kan fatan samun shugaba nagari ba. Sun ɗauka wata rana za a samu mugu, ko wawa, ko nagarin da mulki ya juya wa kai, suka tambayi kansu: a ranar, wa zai iya ce masa a'a?

Wannan tambaya ita ce darasin gaba ɗaya, sauran duk bayani ne. Majalisar wakilai tana da kujeru 435, ana raba su gwargwadon yawan jama'ar kowace jiha, ana sake zaɓensu duk shekara biyu. Majalisar dattawa tana da 100, kowace jiha cikin 50 tana da biyu, suna yin shekara shida. Kalifoniya da ta fi Nijar gaba ɗaya yawan mutane sanata biyu gare ta, Wayomin da ba ta kai mutum 600,000 ba, wadda jihar Maraɗi ta ninka sau da yawa, ita ma biyu. Shugaban ƙasa ba ya kashe kuɗin gwamnati sai majalisa ta ware. In suka kasa daidaitawa ofisoshi suna rufewa, kamar yadda aka yi kwana 43 daga 1 ga Oktoba 2025 ma'aikata da yawa ba albashi, abin da mu malamai ba sai an fassara mana zafinsa ba. Shugaba yana iya ƙin sa hannu a doka, majalisa kuma tana iya tsallake shi in ta haɗa kashi biyu cikin uku. Shi yake zaɓo alƙalan kotun ƙoli su tara, amma sai dattawa sun amince, kuma da zarar alƙali ya hau, shugaban ba shi da ikon sauke shi.

Duk wannan a takarda ne, yaro kuma ba ya riƙe takarda sai da labari. Labarin da na fi so shi ne na 1974, domin a shekarar ƙasashen biyu duk sun rabu da shugabanninsu. Richard Nixon ya ci zaɓen 1972 a jihohi 49 cikin 50. Sai ta bayyana mutanensa sun fasa ofishin jam'iyyar adawa, shi kuma ya yi ƙoƙarin rufe maganar. Akwai kaset na hirarrakin da aka yi a ofishinsa, ya ƙi ba da su. Ranar 24 ga Yuli 1974 kotun ƙoli ta ce ya miƙa, alƙalai takwas babu wanda ya saɓa, kuma uku daga cikinsu shi ya naɗa su. Ya miƙa. Da ya ga majalisa za ta tsige shi, ranar 9 ga Agusta ya ajiye mulki, mataimakinsa ya hau. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Wata huɗu kafin nan, ranar 15 ga Afrilu, Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani a Yamai, ana cikin yunwar fari, aka zubar da jini a fada. Kada malami ya tsaya a kan cewa su sun iya mu ba mu iya ba, wannan ragon bayani ne. Ya tambayi yara: a Nijar ta 1974, in talaka ya gaji da Diori, ta wace ƙofa zai fitar da shi? Jam'iyya ɗaya ce, an haramta Sawaba tun 1959, Diori shi kaɗai ne ɗan takara a 1965 da 1970. Gidan da aka toshe wa ƙofa, ta katanga ake shigarsa.

Mu ma fa mun taɓa samun kotun da ta ce a'a, kuma abin takaici yaranmu ba su san sunan matar da ta jagorance ta ba. A 2009, da Tanja Mamadu ya nemi tazarce bayan wa'adinsa biyu, ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu. Ranar 12 ga Yuni kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai ta soke kiran ƙuri'ar raba gardamar da ya yi. Kafin watan ya ƙare ya rushe kotun ita ma, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojojin Salu Jibo suka shiga fada. Tanja mutum ne da manoma da yawa a wannan yanki suke tunawa da alheri har gobe, kuma wannan ne ya sa labarin yake da amfani: doka ba don mugun shugaba kaɗai aka yi ta ba. Alƙalan Yamai sun yi abin da alƙalan Washinton suka yi. Bambancin yana wurin wanda aka yanke wa hukuncin, da waɗanda ke kewaye da shi, da jama'ar da ke kallo. Nixon ya duba ya ga ƴan jam'iyyarsa ma ba za su tsaya masa ba. Wannan kuwa ba a rubuta shi a kundi, tarbiyya ce, kuma tarbiyya aikinmu ce.

Iyakar wa'adi ma haka ta faro a can, da al'ada. George Washington ya yi wa'adi biyu ya koma gonarsa a 1797 ba tare da wata doka ta tilasta masa ba, na bayansa suka bi. Sai da Franklin Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu a jere, daga 1932 zuwa 1944, sannan suka ga al'ada kaɗai ba ta isa ba, suka sa ta a kundi a 1951. Namu kundin na 2010 ya ce wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, kuma sau ɗaya tak a tarihinmu zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki, ranar 2 ga Afrilu 2021, shi ma ɗin Mahamman Usman bai yarda da sakamakon ba.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne yadda ake zaɓen shugaban Amurka, har na sha jin malamai suna cewa abin ba ya fahimtuwa. Yana fahimtuwa sarai, kuma lissafi ne na ɗan firamare. Talaka yana jefa ƙuri'a, amma ba jimillar ƙuri'un ƙasa ake dubawa ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe daidai da yawan ƴan majalisarta, na wakilai da na dattawa a haɗe. A rubuta a allo: 435 da 100, a ƙara 3 na babban birnin ƙasar, 538 ke nan. Rabi da ɗaya, 270. Wanda ya kai nan ya ci. A kusan duk jihohi, in ka fi abokin takararka ko da ƙuri'a ɗaya ce, wakilan jihar duka naka ne. Kalifoniya tana da 54, Wayomin 3. A 2024 Trump ya samu 312, Harris 226.

Ɗan Cadakori bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, domin zaɓe mai hawa biyu a gida muka san shi. Babu wanda ya taɓa jefa wa magajin gari ƙuri'a kai tsaye: mu muka zaɓi kansiloli, su suka shiga ɗaki suka fitar da ɗaya daga cikinsu, kuma kowa ya san irin zawarcin da ake yi musu a daren zaɓen. Magidanta suke zaɓen mai gari, masu gari su zaɓi sarkin kanto daga cikin ƴaƴan gidan sarauta. In aka koma baya, a Tsibiri akwai Taran Gobir masu zaɓen sarki, a Maraɗi kuma Ƙaura da Galadima da Durɓi da Ƴandaka. Ban ce sarauta da zaɓen kowa da kowa abu ɗaya ba ne. Abin da nake so yaro ya gani shi ne kakanninsa ma sun yi tunanin wa ya kamata ya naɗa mai mulki, wa zai zauna kusa da shi ya taka masa burki. Masu cewa duk wannan magana kayan Turawa ce ba su yi wa Gobir adalci ba.

In ka tambaye ni, a wannan wuri namu tsarin da aka dakatar a 2023 ya fi nasu. Ƙuri'ar mutumin Saye Sabuwa da ta mutumin Yamai nauyinsu ɗaya, in babu wanda ya haura rabi a koma zagaye na biyu. A can kuwa, a 2016 Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku amma ta faɗi. A 2000 Al Gore ya fi George Bush da fiye da rabin miliyan a faɗin ƙasa, sai magana ta tsaya a jihar Fulorida inda tazarar ta kasance ƙuri'a 537, abin da bai kai jama'ar wani ƙauye namu ba. Kotun ƙoli ta tsayar da sake ƙidaya, washegari Gore ya fito ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa. A ba yara wannan lamba ta 537 su riƙe, don ranar da wani zai ce musu ƙuri'a ɗaya ba ta hana komai.

Wani abu da ke burge ni, wanda iyaye manoma za su ji daɗinsa: ranar zaɓen Amurka saboda manoma aka tsayar da ita. Tun 1845 doka ta ce Talatar da ta biyo Litinin ta farko a Nuwamba. An gama girbi, sanyi bai tsananta ba. Lahadi ranar coci ce, Laraba ranar kasuwa a wurare da yawa, mai keken doki kuma yana bukatar yini guda a hanya, sai Talata ta rage. Mu namu zaɓukan na ƙarshe a Disamba da Fabrairu aka yi su, bayan kaka, gaskiya ne, amma daidai lokacin da samari suka watse cin rani Kano da Legas da Agadas da Libiya. Ga tambayar da za a ba ƴan kwaleji su yi gardama a kai: in ku aka ba ku tsayar da ranar zaɓe a gundumar Gidan Rumji, wane wata za ku ɗauka, wace rana, kuma wa za ku bari a baya?

Kada kuma a ɓoye musu dattin. Kundin nan na 1787 ya bar bauta, har ya ƙidaya bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru. Sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da 600,000 suka mutu, kafin a soke ta. Mata ba su samu ƙuri'a a faɗin ƙasar ba sai 1920. Baƙaƙen fata a jihohin kudu an ci gaba da hana su da dabaru iri-iri har 1965, shekara biyar bayan Nijar ta samu ƴancin kai. An kashe shugabanninsu huɗu a kan mulki. Kuɗin da ake zubawa a kamfe biliyoyin daloli ne, atamfarmu da sabulunmu wasan yara ne a kansa. Ranar 6 ga Janairu 2021 magoya bayan Trump suka fasa ginin majalisa don hana tabbatar da zaɓen da ya faɗi, kuma da ya dawo mulki a 2025 ya yi wa kusan 1,500 daga cikinsu afuwa. Amma a wannan rana ta 6 ga Janairu mataimakinsa Mike Pence, ɗan jam'iyyarsa, ya ƙi yin abin da ya nema, majalisa ta koma zama cikin dare ta ƙarasa aikinta. Yaro ya ji duka biyun. Wanda aka nuna wa Amurka a matsayin aljanna, ranar da ya ga aibinta zai watsar da darasin duka.

Sashen da wayoyi ba sa nunawa shi ne ya fi kusa da mu. Ba'amurke ba shugaban ƙasa kaɗai yake zaɓa ba. Yana zaɓen gwamna, da magajin gari, a wurare da yawa har da shugaban ƴan sandan gunduma da wasu alƙalai. Yana kuma zaɓen kwamitin da ke kula da makarantun yankinsa, masu duba kasafin kuɗi su ɗauki shugaban makarantun. A nan mutum yake koyon tsayawa takara, da faɗuwa, da tambayar ina kuɗi suka tafi.

Mu ma muna da irinsa, kuma babu wanda ya rushe shi. Kwamitin COGES, wanda yanzu ake kira CGDES, da aka fara ƙarfafawa a jihar Tawa a 2004 da tallafin Japan kafin ya bazu ko'ina, an tsara shi ne a kan zaɓe da ƙuri'ar sirri. Ga ƙungiyar iyayen yara, ga ta iyaye mata. Yau a ƙauyuka da yawa wannan ne kaɗai akwatin da ya rage. Amma yaya muke yi da shi? Na halarci taron da aka ce za a sabunta kwamiti, wani babba ya miƙe ya ce a bar na da su ci gaba, ai kowa ya yarda ko? Aka yi shiru, aka shafa fatiha. Ma'ajin da ya shekara takwas bai taɓa karanta lissafi a bainar jama'a ba ya koma kujerarsa, yara suna leƙe ta taga. Darasin da suka ɗauka a ranar ya fi duk abin da zan rubuta a allo ƙarfi.

Don haka iyaye, in lokacin sabunta kwamiti ya zo, ku nemi a kawo kwali a huda shi, kowa ya shiga bayan zana shi kaɗai, mace da namiji. A ƙirga a fili, a sa ƴan aji shida su riƙa ja wa kowane ɗan takara layi a allo. A tsayar da wa'adi. Ma'aji ya miƙe ya faɗi nawa aka tara na gyaran rumfar aji, nawa aka kashe a kara da igiya, nawa ya rage, kuma wanda ya tambaya kada a ce ya yi rashin kunya. A gida ma, in yaro ya ji wani abu a rediyo ya tambaya, kada a ce masa siyasa ba ta yara ba ce. Uban da bai yi lakwal ba ya fi mu sanin yadda aka zaɓi mai garinsu da yadda aka yi zaɓen 1993, ya ba da labarin.

Malamai kuma, shugaban aji ba sai mushe ya nuna mafi tsawo ya miƙa masa bulala ba. A yi takara, a ba kowa minti biyu ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙuri'a. A zaɓi wasu uku dabam waɗanda za a kai wa ƙara in shugaban ya rubuta sunan wanda bai yi surutu ba, kuma in suka ce ya yi kuskure, malami ya tsaya a kan hukuncinsu ko da shugaban ɗan gaban goshinsa ne. Wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu a gaban kowa. Bayan wata uku a sake. Tunda dokar da aka kafa a Maris 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, babu abin da zai hana a yi wannan duka da harshen da yaro yake mafarki da shi, maimakon ya haddace sunayen hukumomi da Faransanci ya zubar a takardar jarrabawa.

Ranar Talata 3 ga Nuwamba 2026 Amurkawa za su yi zaɓen rabin wa'adi: kujerun wakilai 435 duka, da kusan kashi ɗaya cikin uku na dattawa. Sunan Trump ba ya kan takarda, amma in jam'iyyarsa ta rasa rinjaye a majalisa, shekara biyun da suka rage masa hannunsa a ɗaure yake wajen kuɗi da dokoki. Lokacin an koma makaranta da wata guda, an kusa gama ɗaurin hatsi, yara kuma za su gani a waya ko mun yi magana ko ba mu yi ba. Kafin ranar a rubuta 435 a allo, a sa su nemo rabi da ɗaya, 218, washegari kowa ya zo da abin da ya ji a duba wa ya kai.